Ɗauko Yaya Garba daga Abijan

Tun da na dawo ba a bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na zauna a teburin mai shayi a bakin kasuwar Kura sai a zagaye ni. Ɗanjuma, wai da gaske ba a hango ɗaya gaɓar teku? Wai matan can ba sa ɗaura ɗankwali? Wani mara ta-ido har cewa ya yi ina tsarabarsa ta agogo. Ni ba yawon buɗe ido na je ba, kun kuma san abin da na je ɗaukowa, tunda da ku aka kai shi makwancinsa. To, zan faɗa sau ɗaya daga farko har ƙarshe. Wanda ya sake tambayata bayan wannan, ya yi kuka da kansa.

Yaya Garba shi ne ɗan farin Inna. Ya bar gida shekara goma da ɗoriya, tun ana ɗokin sakin ruwa a kanal ɗin garinmu. Ya fara da bin motar tumatir zuwa Legas, ya zama direba, daga baya muka ji yana jan motar goro a ƙasar Abijan. Ba da son ran Inna ya tafi ba, ba su kuma yi sallama mai daɗi ba. Baba ya rasu, bai zo ba. Bana, muna tsakiyar ban ruwan alkama, wadda kowa ya koma nomanta tun da soja suka hana shigo da ta waje, sai ga wani direba ya nemi gidanmu. Ya ce in muna son ganin Garba da rai mu hanzarta, ciwo ya cinye shi, ya kuma taɓa masa kai har ba ya gane mutane.

Kun san kunyar ɗan fari, amma ta Inna daban ce, jinin Fulanin Bunkure ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta taɓa yi masa magana ido da ido ba. In za ta aike shi sai ta gaya wa wani ya gaya masa, ko da kuwa yana tsaye a gabanta. Ranar ta kira ni ɗakinta, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ka je ka zo da mutumin nan," ta ce. "Ina so ya gan ni ya san ni ce, mu yafi juna. Bayan haka Allah ya yi yadda ya so."

Na bar wa maƙwabcina amanar gona, na bi ta arewa, don an ce ta nan Hausa za ta raka ni nesa. Daga Kano sai Katsina, sai Jibiya, sai iyaka. A nan wani jandarma, ɗan sandan Nijar, ya sa na cire hula don ya gwada fuskata da hoton fasfo, ya yi ta zuba mini Faransanci ina zare ido, sai da ya gama wahalar da ni sannan ya ce, da Hausa tsantsa, in gaida mutanen Kano. Wallahi da a tashar Kura ne da mun kwashi 'yan kallo. A Maraɗi na fara cin burodinsu, dogo kamar sandar makiyayi, ya kankare mini dasashi, su kuwa suna ta tsoma shi a kofi suna lumshe ido.

A tashar Maraɗin ne wani tsoho mai sayar da tabarmi ya tambaye ni inda na nufa. Da na gaya masa sai ya daɗe yana kallona. Ya ce ba ni ne na farko ba, ya sha ganin irinmu suna wucewa ɗauko 'yan'uwa daga bakin teku, samari su tafi da ƙiba a dawo da ƙashi. Ya ce su a can sida suke ce wa ciwon. Na gane shi ne ƙanjamau da muke ji a rediyo muna cewa na Turawa ne. Na ce masa ya bar mana baƙin baki, na tashi na canza benci, amma maganar ta bi ni har cikin mota.

A Yamai ban ga komai ba sai kogi da Zabarmawa masu magana kamar suna faɗa. Wagadugu kuwa garin babura ne, har tsofaffin mata ke tuƙawa, da goyo a baya da kaji a gaba. Ɗaya ta kusa kwashe mini ƙafa, ta kuma juyo ta balbale ni da masifa. Daga nan na hau jirgin ƙasa. Muna gangarawa kudu ƙasa tana yin duhu da itatuwa, har aka kai inda ruwan sama ke zuba a lokacin da mu muke rabon ruwan kanal da rigima. Na ce lallai waɗannan ba su san wahalar noma ba.

A Abijan na sauka gidan Alhaji Mamman, dillalin goro, wanda Yaya ke haya a bayan gidansa. Mutumin kirki ne, kakansa Bakano, amma Hausarsa ta sha ruwan teku. Ya hana ni ganin Yaya sai na ci abinci. Aka kawo acheke, wato rogo ne aka barza aka turara, mai ɗan tsami, da soyayyen kifi. Da daɗinsa, amma hankalina na kan Yaya. Ina ci yana ba ni labari. Ya ce a can Bakari suke kiran Yaya, amma an yi watanni bai amsa wannan sunan ba. Matar da ya aura 'yar ƙasar ta rame ta rasu bara, jaririnsu ya bi ta. Shi kuma da farko mantuwa ce, ya ajiye mota ya manta inda ya ajiye, sai hannu ya fara rawa, sai tafiya ta koma ta mai maye, sai magana ta ƙafe. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an kira masu cire iska, shiru.

Da rana tsaka muka nufi ɗakin. Matan gidan suna ta hira a tsakar gida, suna ganin inda muka dosa suka yi tsit. A bakin ƙofa na ga kwano da wata doguwar sanda a jingine, ashe da ita ake tura masa abinci.

Yana zaune a tabarma ya fuskanci bango. Mutumin da yake ɗaga buhun masara shi kaɗai, ga shi wuyansa bai fi damtsena ba. Hannayensa ne kawai ke motsi a kan siminti, a hankali, yana jawo wani abu da ba ya nan ya tara a gefe, ya matsa ya buɗe wani wurin. Alhaji ya ce haka yake wuni, su sun ɗauka da aljanu yake wasa. Ni kuwa kallo ɗaya na gane. Ban ruwa yake yi, yana toshe wannan fangali yana buɗe na gaba.

Na yi sallama, bai motsa ba. Na sake, shiru. Muka zauna, Alhaji ya shiga ba ni labarin tsadar goro don ya rage mini zafi. Mun yi nisa a hirar, har na manta da sallamar, sai na ji murya daga jikin bango, a sanyaye, ta ce wa alaikumus salam. Na waiga da sauri. Alhaji ya ce kada in damu, haka amsarsa take, takan daɗe a hanya kafin ta iso.

Na matsa na ce, Yaya Garba. Wannan kam bai jira ba, ya juyo da kai a hankali. Idanunsa a buɗe, suna kaina, amma kamar na leƙa rijiyar da ta ƙafe.

"Baba," ya ce mini, "na gama ba na gabas ruwa."

Ya ɗauke ni mahaifinmu da ke kabari. Na fita bayan ɗaki na yi kuka, ban ji kunyar matan ba.

Washegari Alhaji ya kai mu wani babban asibiti don a ba shi abin da zai tsayar masa da gudawa a hanya. Ɗakin da muka ratsa ba zan manta da shi ba. Gadaje jere, maza ramammu, samari irina, ga rana ta haska ko'ina, amma babu mai nishi, babu mai kiran wani. Da yawansu irin kallon Yaya suke yi. Na saba da asibiti mai hayaniya, wannan shirun ya fi kururuwa ban tsoro.

Likitan ɗan ƙasar ne, siriri mai tabarau. Wani ma'aikacin jinya ɗan Damagaram, Malam Isufu, shi ya yi mana tafinta. Likita ya sa Yaya ya yi tafiya, ya sa shi ya riƙa haɗa yatsa da yatsa da sauri, ya kasa. Ya ambata masa goro da wuƙa da takalmi ya ce ya riƙe, da aka jima ya tambaye shi, ko ɗaya babu. Ya ce sida ce, an riga an gwada jininsa. Ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce a tambaye shi, in ciwon na jini ne me ya kai shi kai? Wannan ai sammu ne ko iska, su faɗi gaskiya in abin ya fi ƙarfinsu.

Bai ji haushi ba. Ya ce su ma abin ya daɗe yana ɗaure musu kai, domin in aka duba ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu, sai a ga ɓarna mai yawa, ƙwayar cutar kuwa kaɗan, kuma ba ta cika shiga ainihin ƙwayoyin da mutum ke tunani da su ba. Ya ce abin da masu bincike suka fi zato yanzu shi ne, a jikin mutum akwai ƙwayoyi masu gadi, cutar kan shiga cikinsu, su suke ɗauke da ita har cikin kai. Da sun ji ta a jikinsu sai su fara sakin wasu sinadarai, saƙon neman agaji ne, kowane yana kiran 'yan'uwansa. Waɗanda suka zo su ma su saki nasu. Saƙon nan in na ɗan lokaci ne magani ne, da shi jiki ke kashe cuta. Amma a nan babu mai cewa a tsaya, wuri ya yi ta kumburi a ɓoye wata da watanni, sinadaran su yi ta ƙona ƙwayoyin tunani da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Sai na tuna shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka a alkamarmu. Aka yi yekuwa, gari ya fito da gwangwani da ihu, kowa na gudu a cikin gona. Da tsuntsaye suka tashi, abin da ƙafa ta tattake ya fi abin da baki ya ci. Na gaya wa Malam Isufu, ya juya wa likita. Likita ya gyaɗa kai ya ce kusan haka ne, sai dai a nan tsuntsun ba ya tashi, masu ihun kuma ba sa komawa gida.

Ya ce ba su da maganin da zai dawo da shi, in kai shi gida da wuri. Ya ce ba a ɗauka ta kwano ko ta taɓawa, jini ne dai a kiyaye. Na tambayi abin da ya kawo ni, wato ko zai gane mahaifiyarsa. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba, amma abin da mutum ya saba da shi tun yana yaro shi ne ke ƙarshen gogewa, don haka a yi masa abin da ya saba, a riƙa kiransa da sunansa na gida. Maganar biyu ce, ni kuwa ta ƙarshen na kama na ƙulle a bakin zani.

Dawowar ta fi tafiyar tsawo. Alhaji ya raka mu har jirgi, ya sa Yaya a kujera da hannunsa, Allah ya saka masa. Da na buɗe kwano muka sa hannu tare, mutanen da ke kusa suka kwashe kayansu suka bar mana wuri har da na miƙe ƙafa. Ba zan ɓoye ba, loma ta farko da ƙyar na haɗiye ta. A wata iyaka jandarma ya tambaye shi sunansa, ya yi ta tambaya har ya gaji ya miƙo mana takardunmu. Mun yi tafiya mai nisa cikin daji, mota ta yi shiru kowa na gyangyaɗi da zafin rana, sai Yaya ya buɗe baki ya ce, Garba ne, ɗan Malam Idi, daga ƙasar Kura. Wata mata a gabanmu ta fara salati, direba ya yi ta kallonmu ta madubi har Yamai.

Duk hanyar nan, in na ce Garba sai ya juyo. Komai nasa na jinkiri, ban da wannan. Na ce a raina shi ke nan, na samo mabuɗi. In Inna ta kira shi da bakinta, dole ya gane ta.

Da muka baro Kano muka hau titin Zariya, gonaki suka fara kore, sai na ga ya ɗaga kai yana shaƙar iska. Da muka tsallaka kanal ya bi ruwan da kallo har ya ɓace. Zuciyata ta yi fari, amma ganin Dala ba shiga birni ba. A gida mata suka taru ana ta sannu, Inna tana can baya a bakin madafa. Ya bi kowa da kallo iri ɗaya, da ita da turmi duk ɗaya.

Kwanaki suna tafiya, jiki yana ƙara lalacewa. Inna ce ke dama masa fura, amma sai ta ba matata ta kai. Ita kuwa takan bi ta ƙofar ɗakin ta wuce kamar ba ɗanta ne a ciki ba. Na same ta na gaya mata abin da likita ya ce, da yadda amsarsa takan daɗe a hanya. Ta ce kai yaro ne. Na koma, ta ce in bar ta. Rana ta uku na kasa riƙe bakina, na ce kunyar me ake yi mutum yana mutuwa? Na ce ita ta aike ni, na ratsa ƙasa uku na kawo shi, in ya tafi bai gane ta ba kada ta ga laifin kowa. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

Bayan azahar sai ga ta ta yafa mayafi kamar mai zuwa unguwa. Ta shiga ɗakin, ta durƙusa a gabansa, ta dube shi ido da ido. Sannan ta buɗe baki.

"Garba."

Ya juyo nan take. Na ce alhamdu lillahi a zuci. Ya kafe ta da ido, ya daɗe, sai na ga yana ja da baya da gindi har ya manne da bango, hannunsa yana neman rigata.

"Baba, wace ce wannan? Ta san sunana."

Na ce Inna ce, Yaya, Innarmu.

Muka jira amsar, ni da ita, har na ji kiran la'asar daga nesa.

"A'a," ya ce. "Inna ba ta kiran sunana."

Ta dafa ƙasa ta miƙe, ta gyara mayafi ta fita. Shekara arba'in tana riƙe da abu, na sa ta saki a banza. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige.

Washegari ba ta amsa gaisuwata ba. Da rana ina zaune a ɗakin ina yi masa fifita, sai na ji takunta. Ta dire ƙwaryar fura a bakin ƙofa, ta juya mana baya tana kallon rumbu, ta yi magana da irin muryar da muka tashi da ita.

"Ɗanjuma, ka ce wa mutumin nan furarsa za ta yi tsami. Kullum sai an yi ta binsa da abinci."

Ta ɗauki tsintsiya ta hau sharar wurin da babu datti. Ni kuwa na riga na koyi jira. Hannayensa da ke ban ruwa a kan tabarma suka tsaya. Ya karkata kai wajen ƙofa.

"Inna, ina zuwa," ya ce.

Tsintsiyar ta tsaya. Can kuma, ba wanda ya tambaye shi, ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Ba ta juyo ba. Bayanta kawai nake gani yana girgiza.

"Ka gaya masa na yafe, duniya da lahira. Ka ce shi ma ya yafe mini."

Na gaya masa. Na sake gaya masa. Muka jira har inuwa ta juya, hannayensa suka koma ban ruwa. Daga ranar bai ƙara magana ba, ran Juma'a da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

To, kun ji Abijan. Teku kuwa na gan ta ta tagar mota, ruwa ne.

An yanke alkama, na so in zuba buhuna a ɗakin tunda ya zama fanko, Inna ta hana. Kullum da la'asar takan jawo tabarmarta bakin ƙofar, ta juya wa ɗakin baya ta zauna, ba ta aikin komai. Liman ya gaya mata ɗa ba ya bin uwa bashin yafiya, ta ce ta sani. Shekaranjiya na durƙusa na ce, Inna, me kike yi a nan kullum?

"Kai ka ce amsarsa takan daɗe a hanya," ta ce.